Tsohuwar aska ta haraj ko irin ta hallag mai sa reza, wacce zaka fara da ita?

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwanmu na Jidda da yace ya ga tsofaffin asake masu naɗewa a Haraj Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, yana tambaya ya sayi ɗaya ko kuwa ya tsaya a kan irin wadda masu aski (hallag da Larabci) ke riƙewa a shago, wadda ake karya reza biyu a zura rabi, to ga abin da na sani, don duka biyun suna cikin durowata.

Ta hallag ɗin dai ba aska bace, mariƙi ne kawai, kaifin na reza ne. Ba wasawa, ba jan aska a kan fatar gyaran kaifi, ba shafa mai, ka gama ka cire ka jefar. Kuɗinta ma riyal kaɗan ne, duk shagon kayan aski zaka samu. Amma kada arhar ta ruɗe ka kace ita ce ta ɗan koyo, wallahi ta fi tsohuwar saurin yanka mutum, saboda reza siririya ce ga kaifi kamar me, ga kusurwa biyu a tsaye, mariƙin kuma ba nauyi sai ka ji kana son dannawa, kana dannawa kuwa sai jini. Ranar da na fara gwada ta a gefen wuya sai da na fita sallar azahar da ɗigon tishu uku manne a fata, wani dattijo a sahu yana ta kallona.

Ita kuwa tsohuwar ƙarfe ɗaya ce tun daga baki har wutsiya, tana da ɗan nauyi, ita ke tafiya da kanta kai riƙewa kawai kake, kuma idan an wasa ta da kyau bakinta ya fi laushi a fata. Duba gindin ƙarfen kusa da ƙota, nan ake buga sunan gari. In ka ga Solingen to ta Jamus ce, garin su kamfanin Dovo da suka fara tun 1906, in Sheffield ce ta Ingila, irin su Wade & Butcher masu kauri, akwai Thiers ta Faransa da Eskilstuna ta Suwidin. Waɗannan su maza ke aski dasu kafin rezar Gillette ta 1904 ta zo ta kwashe kasuwa. Mai faɗin 5/8 na inci zaka nema, mai zagayayyen kai, kada ka ɗauki mai tsini a farko, kunne take ci.

To amma fa sai ka iya zaɓe, nan ne mutane ke asara. Ɗaga ta ka kalli bakin a hasken rana. Giɓi, tsagewa, ko tsatsa da ta ci har bakin kaifi, ajiye masa kayansa ko kyauta ya baka. Tsatsa a baya ko a wutsiya ba komai tana gogewa. Ka duba gadon bayan ma, in ya shafe ya yi faɗi sosai to an cinye ta da dutse. Sai ƙota, da yawa na wani tsohon roba ne, selulod, in ya fara ruɓewa yana fitar da wani iska mai cin ƙarfe. Ni na sayi irinta a hannun wani mai shimfiɗa, ƙotar gwanin kyau kamar bayan kunkuru, na goge na ajiye, bayan wata guda na buɗe naga tsatsa ta bi daidai inda ƙarfen ke kwanciya cikin ƙotar, har ta shafi wadda ke kusa da ita.

Kuma ka sani duk askar haraj a dakushe take, ko mai ita ya aske gashin hannunsa a gabanka. Sai ta hau dutse, daga mai lamba 1000 zuwa 4000 zuwa 8000, wasu har 12000, lambar na hawa dutsen na ƙara laushi, kuma duwatsun nan sun fi askar tsada nesa. Shawarata kada ka haɗa koyon wasawa da koyon aski lokaci ɗaya, ba zaka gane laifin hannunka bane ko na askar. Nemi wanda ya iya ya wasa maka, in akwai tsohon wanzami a unguwarku da har yanzu yake da zabirarsa ai ka gama dacewa, kai kuma ka sayi fata kana jan askar a kai kafin kowane aski, bayan ne ke gaba ba bakin ba, in ba haka ba ka yanka fatar.

Ga kuma laimar Jidda. Ƙarfen nan ba ya shiri da ruwa, ka bar ta a banɗaki kwana biyu ka ga aiki. Goge ta ta bushe, ɗan ɗigon mai, ka ajiye a ɗaki. Ta hallag ba ruwanta da wannan.

Maganar tsafta, ka wanke tsohuwar da sabulu ka goge ta da sifirit, kada ka tafasa ta ko ka kara ta a wuta, ƙota zata lanƙwashe ƙarfen ya mutu. Kuma taka ce kai kaɗai, ba aro, ciwon hanta ta jini yake bi, shi ya sa masu aski a nan reza ɗaya mutum ɗaya suke yi. In askin Umara ne kawai damuwarka, kaje wajen mai aski ya ɓare sabuwa a gabanka, don ƙeya ba inda mutum zai koyi aska da kansa bane.

Ni dai in don gyaran fuska ne kuma kana da haƙuri, tsohuwar zan ce, amma sai ka samu mai wasawa tukun ka biya kuɗin. Jiƙa gashin da ruwan ɗumi, kumfa sosai, ja fatar da ɗayan hannun, ka kwantar da askar kamar digiri 30, ka fara da kumatu kawai satin farko. In zaka tafi gida hutu kuma ka sa ta a jakar awo, a ta hannu za'a karɓe a iyafot.