Okporoko na Kasuwar Sabon Gari: Kai Ya Fi Jiki Riba

Busasshen kifin nan mai taurin itace da ake sayarwa wajen masu kayan miya a Kasuwar Sabon Gari, wanda 'yan kasuwar ke kira okporoko, kaya ne mai kyau amma yawancin mutanen Zariya a makance suke sayensa. Hukuncinmu a kansa shi ne: kai da wuyan kifin sun ci kuɗinsu, jiki sai an fasa an ga cikinsa, gutsattsarin da aka ƙulla a leda kuwa a bar wa mai shi kayansa. Duk wannan ya samo asali ne daga yadda ake shanya kifin a inda ya fito.

Gidansa arewacin ƙasar Norwe ne, tsibiran Lofoten. Wanda ya fi nisa cikin teku a jerin shi ne Rost, wajen kilomita 100 yamma da garin Bodo. Mutanensa wajen 500 ne, kusan dukkansu a kan tsibiri guda mai suna Rostlandet, fili shimfiɗaɗɗe wanda tudunsa mafi tsawo bai wuce mita 11 sama da teku ba.  Babu dutse ko daji da zai kare iska. A 1835 guguwa ta rushe cocin garin, sai suka gina na dutse, kangonsa na nan har yau, daga baya aka yi na katako a 1899. Iskar da ke yi musu wannan ɓarna ita ce jarinsu.

Daga Janairu zuwa Afrilu kifin teku mai suna kod yana gangarowa daga Tekun Barents da ke can arewa don ya saka ƙwai a Lofoten. Ana kama shi, a yanke kai, a fitar da kayan ciki, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataya a kan dogayen rumfunan katako daga Fabrairu. Babu gishiri, babu hayaƙi, kuma nan ne ya bambanta da bandar kifin da muka sani. Yana shan iska wajen wata 3 a waje, sannan a shigar da shi sito ya ƙara wata 2 zuwa 3. Kafin a gama ya zubar da kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 1 da ka saya ya taso ne daga kusan kilo 5 na ɗanyen kifi. Rost na can sama a yankin ƙanƙara, amma ruwan ɗumi da ke kwararowa daga kudu ta Tekun Atilantika yana riƙe sanyinta a ɗan sama da digiri sifili. Abin da kifin ke so ke nan. In sanyi ya yi yawa, ruwan cikin tsokar ya daskare ya yayyaga ta, kifin ya fito fari, mara nauyi, mai ramuka, ana dafa shi ya zama dusa. In ɗumi ya zo da wuri, ƙuda ya yi ƙwai a ciki, ko naman da ke manne da ƙashin baya ya yi tsami kafin ya bushe.

Saboda haka ne a can akwai gwani da aikinsa kawai ya ɗaga kifi ɗaya bayan ɗaya, ya duba, ya sunsuna, ya ware shi aji-aji, har kusan aji 20. Na sama Italiya yake tafiya. Cinikin ya daɗe: a farkon 1432 wani ɗan kasuwar birnin Benis na Italiya, Pietro Querini, da jirginsa ya lalace a teku, ya faɗo wani tsibiri kusa da Rost tare da tsirarun mutanensa da suka tsira, masunta suka riƙe su wata 3, ya koma gida da busasshen kifi. Mu kuwa a Najeriya na ƙasa-ƙasa da kawuna ne suka fi zuwa mana, kuma kifin ya ƙara shiga jini ne lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da aka riƙa kawo shi agaji don yara masu tamowa. To in mai shago ya ce maka "giredi wan ne, Alhaji", ka ji shi kawai. Ajin ƙasa ba yana nufin ruɓaɓɓe ba, sau da yawa lanƙwasa ce ko tabon fata, amma cikinsa ne ake cusa wanda sanyi ya ci da wanda ya yi tsami.

Ba kuma duk abin da ke kan teburin ba ne ɗan Lofoten. Ƙasar Aisilan ma tana turo kawuna da ƙasusuwa masu yawa, waɗanda ake busarwa cikin ɗaki da iska mai ɗumi. Ana kuma haɗawa da wasu kifayen dangin kod masu rahusa, naman wani ya fi duhu da ƙarni. Kayan suna sauka Legas, jiki cikin dila mai kilo 45, kawuna cikin buhun kilo 30, su bi ta hannun dillalai kafin su iso Zariya, don haka mai sayarwa kansa ba lallai ya san tsibirin ba. In buhun na nan a shagon, nemi a nuna maka tambarin jikinsa.

Wajen dubawa hanci ya fi ido. Ka ce, "Oga, fasa mini wannan in gani," in ya ƙi ka wuce gaba. Mai kyau fatarsa toka-toka ce mai tsabta, cikinsa ruwan ƙwai-ƙwai, tsokar tana tsagewa zare-zare. Ka kai hanci daidai ƙashin baya: ƙarnin teku mai ƙarfi daidai ne, warin fitsari ko tsami ba daidai ba ne. Ka ƙwanƙwasa biyu, su yi ƙara kaf-kaf. In sautin ya mutu, ya sha laima, kuma ruwa za ka biya wa kuɗi a sikeli. Ka buga shi a tebur, in gari ya zubo ko ka ga ƙananan huji, ƙwari sun riga ka. Wanda ya fi haɗari shi ne mai warin fiya-fiya, domin akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari, kuma wanki ba ya ba da tabbacin ya fita. Ƙullin leda duk waɗannan yake ɓoyewa. Da hunturu kayan kasuwar sun fi lafiya; Yuli da Agusta ne baƙin fumfuna ke kama cikin kai.

Kada ka yi mamaki in ka ga kai babu harshe. Ba cuta ba ce, tun a can ake yanke shi a sayar daban, kuma aikin yaran makaranta ne a Lofoten. Abin da ya rage, kumatu da fata da guringuntsi da tsokar ƙeya, shi ke ba romo kauri da danƙo, abin da jiki mai tsada ba ya yi. Shi ya sa muka fifita kai. Tsadar ma ba duk laifin ɗan kasuwa ba ne: da dala ake sayo shi, kuma an yi ta rage yawan kod da aka yarda a kama a Tekun Barents shekara bayan shekara, har ya sauko tan 340,000 a 2025.

Yanka a shago yana da kyau in da zarto ne. Adda tana farfasa ƙashi ya shige cikin nama, abin tsoro a gidan da ke da yara. Kai a raba shi 4, jiki a yanka faɗin yatsa 3.

A gida, fara cire jan abin da kifin ke numfashi da shi a ƙarƙashin kumatu, shi ke kawo ɗaci da yashi. A wanke da ruwan ɗumi da gishiri, a goge fatar. A can sukan jiƙa kifi guda na mako ɗaya a ruwan sanyi suna canzawa kullum, amma a zafin Zariya, ba firiji, kwana 2 ya isa ya yi wari. Abin da ke aiki shi ne a jiƙa yankakke da dare a dafa da safe, ko a zuba tafasasshen ruwa a rufe awa 2. A zubar da ruwan jiƙon. A dafa a sabon ruwa da albasa, minti 45 zuwa awa 1 a wuta matsakaiciya, tukunyar firesha kuwa minti 20. Gishiri da magi sai ya yi laushi. Masu jefa kanwa don sauri suna samun laushin, amma naman ya koma yauƙi, ɗanɗanon ya gudu. Yana kumbura ya ninka fiye da biyu, don haka kai 1 matsakaici ko giram 150 na jiki ya isa tukunyar mutum 6.

A miyar agushi, kuɓewa ɗanya, alayyafo da ugu ba shi da na biyu, kuma romon kan yana ɗaga fate sosai in an tace ƙasusuwan. A miyar kuka bai burge ba: shi da daddawa kowa na son a ji shi, sai a rasa wanda ya yi nasara, nan bandar tarwaɗa ta fi shi. A taushe ma zaƙin kabewa da gyaɗa suna danne shi, asarar kuɗi ce.

Ragowar kada a ƙulle shi a leda, gumi yake yi. A sa a buhun algarara ko kwando a rataye inda iska ke wucewa, nesa da ƙasa da ɓera, a riƙa fitar da shi rana duk mako biyu da damina. Mai firiza ya sa yankakken a ciki kwana 3 tun ranar da ya sayo, hakan na kashe ƙwarin da suka biyo shi daga kasuwa.