Teburin shayin Baba na Badariya: haɗin kauri da majalisar da ba a sayar mata da jita-jita

Jama'a salamu alaikum. Na jima ina son in yi rubutu kan wanga teburin mai shayi da ke Badariya nan Birnin Kebbi, gefen titi daidai inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, don shekara ta uku ke nan kusan kullum bayan isha'i can nike, kuma duk wanda ya tambaye ni ina za a sha shayi mai kyau a garin ga can nike tura shi.

Shayin dai ba magana. Ruwan bunun shi ya sha citta da kanumfari da na'a-na'a, in ka ce a yi maka haɗin kauri to cokali ma sai ya kusa tsayawa cikin kofi, kuma ba ya ha'inci wurin madara, a gabanka za a huda gwangwanin. Wainar ƙwai tana shan albasa da tattasai yadda ya kamata, biredi na ranar ne. Inda nike da ƙorafi shi ne Indomie, risho ɗaya gare su, in ka tarar da mutum biyar gabanka to ka yi haƙuri kawai. Ga sauro in damina ta kama, fadama na kusa. Transfa ma wata rana sai netwok ya riƙe kuɗi a yi ta jira, gara ka taho da tsabarka.

Amma gaskiya abin da ya riƙe ni wurin ba shayin ba ne kaɗai, yadda Baba ke tafi da majalisar ne. Rediyon shi kullum kunne take lokacin labaran dare, kuma yana da ƙa'ida ɗaya, in ka kawo labari sai ka faɗi inda ka samo shi. Ranar da na tabbatar da amfanin haka ita ce farkon watan Yulin 2024, lokacin da anka yi ta hayaniyar yarjejeniyar Samoa. Wata jarida ta buga cewa gwamnati ta sa hannu kan abin da zai halatta auren jinsi don a samu dala biliyan 150, kafin magariba duk waya ta ɗauka, kuma abin ya fi zafi a nan tunda ministan kasafin kuɗi da ke kare yarjejeniyar, Atiku Bagudu, tsohon gwamnanmu ne.

Wani matashi ya iso yana huci, ya ce "Baba an sai da mu wallahi, sun sa hannu!" Baba ko ɗaga kai bai yi ba daga tukunya, ya ce "ɗana zauna tukun, kai ka karanta takardar da idonka ko turo maka anka yi a WhatsApp?" Yaro ya yi shiru. Sai Baba ya juya wurin wani dattijo tsohon malamin sakandare da ke zama can ƙarshen benci, ya ce "Malam, taimaka muna."

Malam ya bi abin daki-daki. Ya ce yarjejeniya ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, an ƙulla ta a tsibirin Samoa cikin Nuwamban 2023, Najeriya ba ta sa hannu ba sai ƙarshen Yunin 2024. Ya ce kuma ku tuna akwai doka tun Janairun 2014 da Jonathan ya sa ma hannu, shekara 14 gidan yari ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, kuma ba minista da ke iya goge dokar majalisa da biro. Bayan 'yan kwanaki shugaban ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa na lokacin, Yakubu Maikyau, shi ma ɗan jihar nan, ya fito ya ce ba wani sashe na auren jinsi a ciki, daga baya jaridar kanta ta ba da haƙuri. Mu dai a teburin Baba ba wanda ya zagi uwar wani a daren nan, alhali wasu majalisun har an kusa ba hamata iska.

Ni ra'ayina, kuma na faɗe shi a wurin, addinina bai yarda da auren jinsi ba kuma ban ɓoye ba. Amma in tambayar ita ce ko shugabanni su sa maganar a gaba, to ni ban ga dalili ba, ta kowane ɓangare. Na waje da ke son ɗaura taimako a kanta, irin barazanar yanke tallafi da David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi a 2011, ba su san abin da ke hana mu barci ba. Uhuru Kenyatta ma haka ya gaya ma Obama a Nairobi a 2015, cewa ba ita ce damuwar mutanen Kenya ba. Amurka kotun ƙolinsu ta halatta a 2015, Afirka ta Kudu tun 2006, can ta matse musu, ƙasarsu ce. Amma namu na gida da ke saurin hawa mumbari su yi ta kumfar baki kan abin da doka ta riga ta rufe, su ma ina da tambaya gare su. Ina kumfar bakin ga take lokacin da anka kwashe ɗaliban Birnin Yauri a Yunin 2021, wasu 'yan matan sunka kusa shekara biyu a daji? Ina take lokacin da jirgin ruwa ya nutse da mutanenmu a Warrah cikin shekarar 2021 ɗin dai? Ga Lakurawa sun shiga Mera a ƙaramar hukumar Augie sun kashe mutane, ga manoman Zuru da Danko-Wasagu gona ta gagare su, ga kuɗin taki da na fetur ɗin ban-ruwa sun karya mai noman shinkafa tun da anka cire tallafi a 2023. Maganar auren jinsi magana ce mai arha shi ya sa suke sonta, ba ta buƙatar kasafi ba ta buƙatar aiki, tafi kawai za a yi maka.

Abu ɗaya kuma da ya ƙara min ganin girman Baba, akwai daren da wasu sunka fara ambaton sunan wani yaro na unguwa wai an ce kaza an ce kaza, nan take ya kashe rediyo ya ce "ba a teburina ba, ƙazafi ba wasa ba ne, kuma ɗan mutane ne, in an taru an illata shi a kan an ce wa zai amsa gaban Allah?" Wallahi na ji daɗin wanga magana, don mun sha ganin yadda jita-jita ke sa a far ma mutum a titi ba bincike ba alƙali, kuma ko me kake zargin mutum da shi ba ka da ikon ɗaukar doka a hannunka.

In za ka je, ka bari sai bayan isha'i da kamar rabin awa, lokacin an sauke sabon ruwa kuma benci bai cika ba. Ka ce a yi maka haɗin kauri da ƙwai biyu, Indomie kuwa ka ba da odarta tun kana isa. Daren Juma'a ya fi cika, ka taho da doguwar riga saboda sauro.