Wata takwas da tankin lita 20 da hitarsa: yadda kifin faɗanmu ya kasance

A farkon Nuwamba 'yata ta shigo da kifin nan daga wani shago a nan Kano, cikin 'yar kwalba da ba ta ɗaukar fiye da kofi biyu na ruwa. Ja ne wur, wutsiyarsa ta bazu kamar mayafi. Mai shagon ya ce mata, "Hajiya ƙarama, wannan ba shi da wahala, ko a kofin shayi zai zauna." Muka raɗa masa suna Jarumi, muka ɗora kwalbar a kan kantar da ke falo.

Hunturu na kankama sai ya sauya. Ya koma ƙasan kwalba ya kwanta, ya tsuke fikafikansa, abinci ko kallo bai ishe shi ba, bakin wutsiyar ya fara yin baƙi yana zaizayewa. 'Yata ta same ni da hawaye: "Baba, mutuwa zai yi?" Na sayo ma'aunin zafin ruwa, na tsoma bayan sallar asuba, ya nuna digiri 19. Wannan kifi, wanda ake kira beta, asalinsa daga Tailan yake, inda yake rayuwa a fadamun shinkafa da kududdufai masu ɗumi, kuma a shekarar 2019 ƙasar ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwanta ta ƙasa. Abin da jikinsa ke so shi ne tsakanin digiri 24 zuwa 28. Yana da wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa, shi ya sa ba ya mutuwa nan take a kofi, kuma wannan juriyar ce ta sa ake zaton ba ya shan wahala a ciki.

A makon na sayi saitin da nake son yin bayani a kansa: tankin gilashi mai lita 20 da murfi, hita mai wat 25, matatar ruwa da ake maƙalawa a gefe, 'yar fitila, da gwangwanin abinci.

Hitar ce ta biya kuɗinta. Cikin kwana uku da ruwa ya kai digiri 26, a hankali na riƙa ɗagawa, Jarumi ya tashi ya fara zagaye, ya karɓi abinci. Ranar na ji daɗi ƙwarai. Amma lambobin da ke jikin hitar ba abin dogaro ba ne: in na saita ta a 26, ma'auni 24 yake nunawa, sai da na kai ta 28 sannan na samu abin da nake so. Don haka duk wanda zai saye ta ya haɗa da ma'auni na daban. Kuma a cire ta daga soket kafin a rage ruwa, domin gilashi ce, in ta yi zafi a waje da ruwa tana iya tsagewa.

Maganar ɗauke wuta ita ta fi damuna da farko. Abin da na lura shi ne lita 20 ba ya hucewa da sauri kamar kwalba. Daren da babu wuta nakan lulluɓe tankin da bargo, in bar ɗan wuri don iska, in kuma cika gorar roba da ruwan ɗumi in rufe bakinta in sa ta tana yawo a ciki. Da safe nakan tarar da shi a 23 ko 24. Daga baya na jona hitar a 'yar solar gidan, tun da ba ta jan wuta sosai.

Matatar kuwa ban ji daɗinta ba. Ƙarfin ruwanta ya yi wa kifi mai dogayen fikafikai yawa, tana tura shi gefe, ya riƙa maƙalewa a bayan hita yana hutawa. Na cire ta na sayi ta soso mai aiki da ɗan injin iska, wadda har a fawa bank tana tashi. Abin da takardar saitin ba ta faɗa ba, kuma ya kamata ta faɗa, shi ne sabon tanki ba ya iya sarrafa kashin kifi. Kashin yana zama amoniya, mai ƙona jikinsa, sai ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun zauna a soson sannan suke mayar da ita abin da ba shi da illa sosai, kuma hakan yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Ni ban samu damar jira ba saboda halin da yake ciki, sai na riƙa canza kwatan ruwan duk bayan kwana biyu har wata guda. Yanzu sau ɗaya a mako nake yi, da tiyo da bokiti. Soson a tsohon ruwan tankin nake matse shi, ba a famfo ba, saboda kulorin na kashe waɗannan ƙwayoyin. In ruwan famfo zan zuba, sai na ɗiga maganin cire kulorin, in kuma daidaita ɗuminsa da na ciki. Da wannan kaɗai wutsiyar ta daina zaizayewa, sabuwar fata mai haske ta fara fitowa a bakinta, ban saka wani magani ba.

Abincin gwangwanin ma na ajiye shi. Beta mai cin ƙwari ne, shi kuwa wannan garin hatsi ya fi yawa a ciki. Na koma ƙananan ƙwayoyi da aka yi da naman kifi, uku da safe uku da yamma. Da damina ta sauka ina tsamo masa tsutsar sauro daga wani bokiti a tsakar gida in ɗauraye, yadda yake farautarsu abin kallo ne.

Bazara ta zo da nata. A Afrilu ruwan ya kai 31, na cire hitar gaba ɗaya, na ɗan buɗe murfin na sa raga, na juya ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwan. Ragar dole ce, domin kifin nan yana tsalle. Fitilar ba ta da laifi, da dare dai a kashe ta.

Wani maƙwabcina ya ce in kawo shi a haɗa da nasa a ga wanda zai yi nasara. Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, wannan ba zai yiwu ba." Maza biyu a wuri ɗaya yayyaga juna suke yi, wani lokaci har ɗaya ya mutu. In 'yata na son ganin ya buɗe kumatu ya baza fikafikai, madubi take nuna masa na minti ɗaya ta ɗauke.

Tankin da hitar zan sake saye ba tare da shakka ba, matatar da abincin kuwa da ana sayar da su daban da na bar su a shago. A makon jiya Jarumi ya tara kumfa a kusurwar tankin, irin sheƙar da namiji ke yi don ƙwai, 'yata ta ɗauki hoto ta tura wa gwaggonta a Jos, wadda ita ma take son saye. Na ce mata ta fara da hita da ma'auni, ta bar tankin ya yi wata guda yana aiki, sannan ta je ɗauko kifin.