Mai kwashe kudan zuma a Ngaundere: ya iya aikinsa, amma a yi ciniki tun farko

Duk wanda zuma ta sauka a gidansa a nan Ngaundere, shawarata ya nemi masu kwashe ta, kada ya kusanto ta da fetur ko maganin ƙwari. Na gwada ɗaya daga cikinsu, dattijo ne mutumin wajen Ngaundal, inda kiwon zuma ya zama gado. Masu sayar da zuma a kasuwa ne suka haɗa ni da shi.

Tamu ta sauka ne da hantsi a reshen mangwaron tsakar gida, a Sabongari, dunƙule guda kamar tulu, dab da inda yara ke wasa. Maƙwabta suka ce a sa wuta. Ban yarda ba, don Manzon Allah (SAW) ya hana kashe kudan zuma, ga kuma rumfar zana a gefen bishiyar.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayoyinsa a waya: yaushe suka zo, a fili suke ko a rami, sun fara saƙa? Ya ce, "Alhaji, shigar da yara da awaki, kada kowa ya jefe su. Baƙi ne, masauki suke nema." Ya yi mini bayani cewa idan amya ta cika, tsohuwar sarauniya kan fita da wajen rabin jama'arta, su rataye a reshe na 'yan sa'o'i ko 'yan kwanaki, wasu su bazu neman gida. A lokacin cikinsu cike yake da zuma, ba su da 'ya'ya ko saƙar da za su kare, shi ya sa ba su cika faɗa ba. Amma zumar ƙasarmu mai zafin rai ce, idan aka tsokane ta ba ta da kyau.

Ya iso bayan la'asar a kan babur, da akwatin katako wanda ya goga wa kaki a ciki, da farin zane, da gwangwanin hayaƙi da ya cika da busasshen kashin shanu. Ya shimfiɗa zanen, ya yayyafa musu ruwa kaɗan don su rage tashi, ya tara akwatin a ƙasan reshen, sannan ya girgiza shi sau ɗaya da ƙarfi. Dunƙulen ya faɗa ciki tim. Ta taga nake kallo, gabana na faɗuwa. Can sai ya yafito ni, ya nuna mini waɗansu a bakin akwatin sun ɗaga bayansu sama suna kaɗa fikafikai. Ya ce ƙamshi suke watsawa don kiran 'yan'uwansu, alamar uwar tana ciki. Kuwa sai ga sauran suna bin zanen a ƙasa, suna shiga da kansu. Bai rufe ba sai da aka kira magariba, waɗanda suka fita sun dawo.

Harbi ɗaya aka samu, a wuyan ƙanena. Dattijon ya kankare ƙarin da farce nan take, ya busa wa wurin hayaƙi, don warin harbin yana jawo wasu. Ya kuma gargaɗe mu cewa wanda numfashinsa ya sarƙe ko fuskarsa ta kumbura bayan harbi, asibiti za a kai shi ba jira.

Inda ban ji daɗi ba biyu ne. Ya ce zai zo da azahar, ya bar mu a kulle cikin ɗaki har la'asar. Sannan bai faɗi kuɗi ba sai da ya ɗaure akwatin a babur, ya ce jaka bakwai, wato sefa 7,000. Na ga kamar ya yi yawa, tunda zumar ma tasa ta zama, muka daidaita a sefa 5,000. Da an yi maganar tun a waya, da ba a kai ga haka ba.

Washegari 'yan kaɗan sun sake taruwa a reshen, kamar yadda ya faɗa, kafin jibi suka watse. Wanda tasa ta riga ta shiga silin ko bango, ya sani wannan wani aikin ne daban kuma ya fi tsada, don dole a ɓalle wurin a cire saƙar duka a toshe ramin. In an bar kaki a ciki, ƙamshinsa zai jawo wata zumar.