Man Bishiyar Turare na Kemis: Yana Buɗe Hanci, Amma Takardarsa Ba Ta Gamsar Ba

Da hunturu ya kankama, ƙananan kwalabe masu ɗaukar mililita 10 na man bishiyar turare kan cika kemis-kemis na kasuwanni irin su Ɗambatta da Gujungu. Bishiyar 'yar asalin Ostareliya ce, kuma mu a nan mun san ta a bakin titi da harabar makarantu, inda ake dasa ta don ado da kare iska. Ana tatso man ne ta hanyar turara ganyen, a sanyaya tururin, sannan a kwashe man da ya taso saman ruwa.

Ƙarfinsa yana ga sinadarin sineyol, wanda ƙa'idar harhaɗa magunguna ta tanadi kada ya gaza kashi 70 cikin ɗari, tare da kaɗan daga wasu sinadarai biyu, finin da limonin. Sineyol ke tsinka majina, shi ne kuma ke ba da sanyin nan da ake ji har ƙoƙon kai, shi ya sa ake samun man a cikin Vicks. Kwalbar da na saya ta ci jarrabawa a nan: ɗigo biyu a roba ta ruwan zafi, aka lulluɓa da zane aka yi sirace, toshewar hanci ta saki. Na kuma ɗiga shi a farar takarda, ya bushe bai bar tabon maiƙo ba, alamar ba a sirka shi da man gyaɗa ba.

Takardar jikin kwalbar ce abin takaici. Ba ta faɗi nau'in bishiyar ba, ba ta ambaci yawan sineyol ba, alhali nau'o'in sun bambanta ƙwarai, kuma wanda ya fi yawa a yankinmu, kamaldulensis, sau da yawa sineyol ɗinsa bai kai na gulobulus da ake yin magani da shi ba. Mafi muni, babu gargaɗi ko layi ɗaya. Mai shagon har cewa ya yi a ɗiga wa yaro a koko don zazzaɓi, wanda ganganci ne tsantsa, domin abin da bai cika ƙaramin cokali ba yana iya jefa yaro cikin jijjiga ko suma, kuma ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro.

Babba mai mura zai iya saye don sirace, ko ya cakuɗa kaɗan da man kaɗe ya shafa a ƙirji. Kada a kai shi kusa da hancin jariri, mai asma kuwa ya fara tuntuɓar likita.