Takobin rataya da takobin aiki

Shekara 11 ke nan ina hawa a tawagar hakiminmu a Kano duk Sallar da aka yi hawa, ƙarama da babba, tun daga ranar Idi har Hawan Daushe da na Nassarawa. Duk tsawon lokacin nan takobin ƙanin babanmu nake ara. Da Allah ya yi masa rasuwa takobin ya shiga rabon gado, sai na tashi neman nawa. Sau biyu na saya, kuma na biyun ne ya nuna mini abin da na farkon yake.

Na farkon a waya na gan shi. Wani mai shago a nan Kano ya sa bidiyon wani saurayi yana wasa da shi: ya juya shi a saman kai, ya zagaya da shi ta baya, ya cilla shi sama ya cafe da hagu, ruwan takobin yana walƙiya yana karkarwa. A ƙasa an rubuta "takobin yaƙi na asali". Naira dubu 22 har da kube, kayan China. Da aka kawo mini shi, gaskiya ya cika ido. Fari fat kamar madubi, mariƙinsa ruwan gwal, ga shi ba nauyi ko kaɗan. Babban ɗana, mai shekara 16, bai yi mako guda ba ya iya juya shi kusan kamar na cikin bidiyon, abokansa suna taruwa kallo a ƙofar gida.

Saura wata guda Babbar Sallah, bayan la'asar, muna fili a bayan gida, yaron ya kafa sandar rake a ƙasa ya kai mata sara ɗaya. Rake ko gezau, amma ruwan takobin ya tsinke daga mariƙi, ya tashi sama ya dira a gefen da yara ke buga ƙwallo. Tsakaninsa da ƙafar wani yaro bai kai taku biyu ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don da a cikin taron Daushe abin ya faru, inda mutane ke cunkushe hagu da dama, da wani zancen ake yi.

Na ɗauki guntayen na duba. Ƙarfen da ya shiga cikin mariƙin bai fi kaurin ƙusa ba, an liƙa shi da walda a gindin ruwan, an ɗaure ƙarshensa da noti. A wajen waldar ya karye. Na kira mai shagon, ya ce: "Haba Alhaji, ai na ado ne, ba a sara da shi." Na ce to me ya sa ka rubuta na yaƙi? Bai ba ni amsa ba, bai kuma dawo mini da ko sisi ba.

Wani abokin hawana ne ya kai ni wajen wani dattijo, maƙerin baƙi, a wani lungu a cikin birni, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Yawancin aikinsa wuƙaƙen mahauta ne da gatura da linzami da ƙaimi. Takobi sai an ba da saƙo. Bayan mun gaisa na ce: "Baba, takobi nake so." Bai ko ɗago daga kan uwar maƙera ba ya ce: "Na rataya ko na aiki?" Na miƙa masa karyayyen. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi da masaba, ya goga masa magagari sau biyu, ya ce: "Ɗana, wannan ƙarfen cokali ne. Ba ya tsatsa, ba ya kuma riƙe kaifi. Don ido aka yi shi."

Muka yi ciniki a kan naira dubu 70, har da kube da hamila da wani baduku da suke aiki tare zai ɗinka. Na ba da rabi.

Da ƙarfen sifirin na mota ya ƙera shi. Sau uku ina zuwa ina zama ina kallo, almajirinsa na zuga, shi yana miƙar da ƙarfen kaɗan-kaɗan. Wajen da ya fi ba muhimmanci shi ne shayarwa: ya gasa ruwan takobin har ya yi ja daidai daga gindi zuwa kai, ya tsoma shi a mai, sannan ya sake ɗumama shi a hankali don kada ya yi taurin da zai sa ya karye kamar kwalba. Ya ce a nan ake gane maƙeri. Da ya gama, ya kafa tsinin a kan katako ya danna har takobin ya lanƙwashe, ya sake shi ya koma ya miƙe sak. Wannan ya gyara mini wani kuskure: na ɗauka takobin ƙwarai ba ya lanƙwasa. Yana yi, amma yana komawa, kuma ba ya rawa a hannu lokacin sara.

Ƙirarsa irin wadda muka gada ce, wadda Buzaye ke kira takoba: miƙaƙƙe, kaifi biyu, faɗi a gindi yana tsukewa zuwa sama, kwari uku a tsakiya, kan ba mai tsini sosai ba don na sara ne, ba na suka ba. Tsawon ruwan santimita 80, a sikeli ya ɗan gaza kilo ɗaya. Ƙarfen mariƙin daga jikin ruwan ya fito, ba walda ko ɗaya, ya ratsa har ƙarshe aka dake kansa. Duk mai son sayen takobi, wannan ne abu na farko da zai tambaya. Wanda ya je Gidan Makama, gidan tarihin Kano, ya ga kayan yaƙin da ke ajiye a can zai gane sigar. Da yawa daga tsofaffin takubban ƙasar nan ruwansu daga Solingen ta Jamus ya zo, ya ƙetaro Sahara, maƙeranmu da dukawanmu suka yi masa mariƙi da kube.

Ranar karɓa na tafi da yaron. Yana ɗauka ya so ya juya shi yadda ya saba, bai yi zagaye uku ba wuyan hannunsa ya gaji, don nauyin wannan yana gaba, inda sara ke sauka. Baba ya karɓa, ya ce: "Jikana, wanda ya juya takobi ta bayansa ya ba abokin gaba ƙirjinsa kyauta." Sai ya nuna mana abin da ya ce ya gani wajen tsofaffin mahayan da ke kawo wa mahaifinsa gyara. Sara ne daga kafaɗar dama zuwa ƙasa, da na hagu, da wani gajere da ake kai wa hannun da ke riƙe da makami. Shi ke nan. Gwiwar hannu ba ta nisa da jiki. Tarewa aikin garkuwa ne, ba a haɗa kaifi da kaifi yadda ake yi a fim, don ranar za ka rasa takobin. A kan doki kuwa mashi ne gaba, takobi sai an cakuɗe, kuma gudun dokin ne ke yin rabin saran. Ya sa aka kafa rake uku a ɗaure, ya sauke hannu sau ɗaya, ba tsalle ba ihu, suka zube.

Ba abin kallo a ciki, ba kuma zai tara mutane a waya ba, amma da dalilinsa. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi, wato rigar yaƙi mai cushen auduga, da sulke da kwalkwali. Mutumin da ke fuskantar ɗan lifidi ba shi da ƙarfin da zai ɓata a banza. Dole ya nemi inda auduga ba ta rufe ba. Haka aka yi ta yi har Fabrairun 1903, da Waziri Ahmadu da mahayan Kano suka auka wa bindigogin Turawa a Kwatarkwashi. Daga nan takobi ya koma kayan hawa. Ko a China ɗin da aka yo nawa na farko, wani janar nasu, Qi Jiguang, tun wajen 1560 yake hana sojojinsa salon da ya kira na fure, wato na burge 'yan kallo.

Ba raina wasa nake yi ba. Saurayin cikin bidiyon ya sha wahala kafin hannunsa ya faɗa, kuma jafi a gaban sarki da takobi a sama ado ne da nake ƙauna. Ba a banza UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya a 2024 ba. Mai son wasa ya nemi mara nauyi, mara kaifi, mai ƙarfen mariƙi na gaskiya, a kuma faɗa masa abin da ya saya.

Inda Baba ya gaza shi ne alkawari. Ya ce mako uku, sai da aka yi bakwai, Sallar ta wuce, na sake hawa da na aro. Ba ya ɗaga waya, sai dai ka tako. Kuben ya matse da farko, sai da na mayar aka sassauta bakinsa. Takobin ba ya sheƙi, sawun magagari na nan a jikinsa, kuma in damina ta shigo ka manta ba ka shafa masa mai ba, tsatsa za ta kama shi cikin kwanaki. Wanda ke son nasa don Sallah ya ba da saƙo wata uku kafin lokaci.

Na roƙe shi ya dakushe kaifin kafin hawa mai zuwa, ya kuma yarda. In ba ranar hawa ba, takobin na cikin akwati a kulle a ɗakina, ba ya fita titi. Yaron kuwa yanzu duk Asabar da safe yana wajen Baba yana zuga, kuma har yanzu sara na farko kaɗai aka yarda ya maimaita, da sanda.