350Z ko RX-8, wacce za ka ajiye a gida kana taɓawa ran Asabar?

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana da motar zuwa aiki, kana neman tsohuwar motar gudu ne wadda za ka ajiye a gida kana gyara ta da hannunka Asabar da Lahadi, kuma guda biyu ka gani a kasuwa, Nissan 350Z ta 2004 da Mazda RX-8 ta 2005, duk biyun manuwal, amma RX-8 ɗin ta fi araha nesa ba kusa ba kuma jikinta ya fi tsafta, shi ne kake neman shawara. Toh ni dai in ni ne 350Z zan ɗauka, kuma ba don na raina RX-8 ba, wallahi ina son motar nan har raina. Bari in jera maka su ka gani da kanka.

Mu fara da inji tunda nan kuɗinka zai tafi. 350Z injinta VQ35DE ne, silinda shida, lita 3.5, ƙarfin doki 287 a ta 2003 da 2004. Inji ne irin wanda ka sani, fistin da ringi da balub, sarkar taimin gare shi ba bel ba, kuma dangin injin nan ne ke cikin Murano da Maxima da Altima mai V6 da Pathfinder da Infiniti FX35 da G35, kaga kuwa babu garin da za ka shiga a Arewa ka rasa bakaniken da ya taɓa buɗe ɗaya daga cikinsu. Filogi, kwayil, sensa, famfon ruwa, duk in ka shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja da wuya ka dawo hannu rabbana. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, kar wani ya ce maka injin Murano ko na Maxima zai zauna mata kai tsaye don sunansu ɗaya, waɗancan a gicciye suke kwance ita kuwa nata a miƙe yake saboda tayoyin baya ke ja, in har ta kai ga canza inji na G35 za ka nema, ita ce 'yar uwarta ta jini, ƙasan jikinsu ma ɗaya ne, shi ya sa kayan ƙafa da yawa ke shiga juna.

RX-8 kuwa wata duniya ce daban. Ba ta da fistin ko ɗaya. Injin rotari ne, wanda wani Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, Mazda suka riƙe shi shekara da shekaru har suka ci tseren Le Mans da shi a 1991. A cikinsa wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku, ana kiran kowanne rota, suke juyawa a cikin gida mai kama da kwanson gyaɗa, a bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ake kira afes sil, shi ke yin aikin da ringi ke yi, shi ke riƙe kwamfureshan. Lita 1.3 ne kawai a takarda amma yana ba da doki 230 da ɗoriya a mai giya shida, kuma yana juyawa har 9,000 a minti, alhali 350Z ɗin da ka gani a 6,600 jan layinta yake. In ka taɓa jin kukan rotari a sama can, santsi kamar ba ƙarfe ke motsi ba, za ka gane me ya sa mutane ke haukacewa a kanta. Amma ƙarfin ja daga ƙasa ba ta da shi, wajen 216 Nm ne, 350Z kuwa 371, wato ita Nissan ko a giya ta uku ka taka a cikin gari za ta manna ka da kujera, Mazda sai ka bi ta da giya ka kai ta sama kafin ta farka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Afes sil ɗin nan yana cinyewa, in ya cinye kwamfureshan ya sauka, in ya sauka babu wani gyaran gefe da zai dawo da shi, sai an sauke injin an farke shi an sake haɗawa, ko a sayo wani. Matsalar ta yi yawa a 'yan shekarun farko har Mazda a Amurka suka ƙara garanti na injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000 ga waɗanda aka yi daga 2004 zuwa 2008, sannan a ta 2009 suka ƙara wa kowane rota bututun feshin bakin mai na uku don sil ɗin ya riƙa samun maiƙo sosai. Taka ta 2005 ce, tana cikin na farkon kenan. Kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah, a garinku wa ya taɓa haɗa rotari ya tashi? Na san wani abokina da ya sayi irinta da murna, wata huɗu ta fara ƙin tashi in ta yi zafi, ya kai wa wani bakanike da ya rantse ya san aikin, mutumin ya kwance injin ya baje a kan buhu ya rasa yadda zai mayar, motar ta shekara biyu a gindin darbejiya tana cin ƙura, daga ƙarshe a kuɗin bodi ya sayar. Har yau in na tuna abin yana min ciwo don motar ba ta yi laifin komai ba, hannun da ya san ta ne babu. Araha ba ta ado ɗan'uwa, arahar da ka gani a kanta kasuwa ce ta riga ta cire kuɗin inji.

Sannan akwai halayenta na yau da kullum da dole ka zauna da su. Tana shan bakin mai, kuma ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta, akwai ɗan famfo da ke fesa bakin man cikin inda wuta ke ci don ya shafa wa sil, saboda haka duk shan mai biyu ka zaro sanda ka duba, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Masu ita da yawa har man tu-sitirok suke ɗan zubawa a tanki kamar yadda muke yi wa ƙaramin janareta. In ka tayar da ita da sanyi ka matsar da ita daga bakin ƙofa ka kashe nan take, fetur na iya cika mata ciki ta ƙi tashi, maganinsa ka take totur har ƙasa kana ba ta kik, hakan na yanke man har ta bushe, amma wani lokacin sai an cire filogi. Filoginta huɗu ne kwayil huɗu, kuma kwayil ɗin ba sa daɗewa, in suka yi rauni fetur ɗin da bai ƙone ba sai ya tafi salansa ya narkar da abin nan da makanikai ke kira indomi, ya toshe, zafi ya dawo wa inji, kaga ƙaramin abu ya jawo babba. Zafi kuwa shi ne ajalinta, obahitin ɗaya mai kyau ya isa ya ƙona robobin da ke raba ruwa da wuta a cikin injin, ka tuna kuma da ranar Afrilu a Kano ko Sakkwato, ga al'adar nan ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye da ake yi wa kowace mota a gareji, wadda ban yarda a yi wa ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Kar ka ɗauka 350Z waliyyiya ce, tana da nata. Sensar kamshaf da ta kirankshaf suna mutuwa, mota na tafiya ta ɗauke ko ta daɗe tana kik, amma aikin awa ɗaya ne da sifana lamba goma, ka dai sayi na asali don na bogi ba sa jimawa. Murfin saman inji yana yoyon bakin mai cikin ramin filogi, kuma robar a jikin murfin take sai dai a canza murfin gaba ɗaya. Ɗan injin da ke ɗaga gilashin ƙofa yana gajiya, sandunan da ke riƙe but suna saki. 'Yan 2003 da 2004 an san su da cin tayar gaba ta ciki har ka riƙa jin gurnani in kana rage gudu, alaimen mai kyau da sabbin bushin ke maganinsa. Giyabos ɗin farko kuma yana ƙarar haƙori wajen shiga wasu giyoyin in ka yi sauri, sai daga baya Nissan suka fito da wanda ake kira CD009 mai ƙwari, don haka in ka je gwaji ka shiga kowace giya da gudu ka saurara. Ka duba jerin nan da kyau, duk abubuwa ne da mutum zai yi a tsakar gida da jak da akwatin sifana da bidiyo a YouTube, ka kwance ran Asabar da safe ka ɗaure kafin la'asar ɗin Lahadi ka fita ka zaga gari. Wannan shi ne abin da kake nema ai. Ita RX-8 in ciwonta ya tashi a zuciya yake tashi, ba aikin kwana biyu ba ne, aikin watanni ne da jiran kaya daga waje da canjin dala.

In da za ka ƙara haƙuri ka ci karo da 350Z ta 2007 ko 2008 mai injin VQ35HR, doki 306, wadda za ka gane ta da hanyar iska biyu a gaban inji da ɗan tudu a kan bonet, ta fi, duk da ita ma tana da matsalar silindar kuloci da ke cikin giyabos da wani gasket na hanyar bakin mai a bayan murfin taimin. Wadda zan ce ka yi hattara da ita ita ce manuwal ta 2006 mai doki 300, an san da yawansu da shan bakin mai fiye da kima.

Ta ɓangaren tuƙi kuwa gaskiya RX-8 ta fi daɗi a kwana, ban da ja a kan wannan. Injin ƙarami ne mara nauyi an tura shi can baya kusa da tsakiya, nauyin gaba da baya ya zo daidai, motar ta fi Nissan sauƙi da kusan kilo ɗari, sitiyarinta kamar yana jin abin da ke ranka. Ga kujera huɗu da ƙananan ƙofofin baya masu buɗewa ta baya, za ka iya ɗaukar madam da yara biyu ku je gaida su Hajiya. 350Z kujera biyu ce tak, but ɗin ma wani ƙaton ƙarfe ya raba shi biyu, kuma tana da nauyin hannu, kuloci da giya duk sai ka sa ƙarfi. Fetur kuwa kar lita 1.3 ta yaudare ka, Mazda ɗin ta fi V6 ɗin sha, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ka san wannan ba ƙaramar magana ba ce ko da sau ɗaya a mako kake fita. Duk biyun a ƙasa suke sosai, bamp da ramukan unguwa sai a karkace.

In ka je ganin 350Z ɗin ka sa a ranka cewa irin motar da samari ke wasan mota da ita ce a wajen biki, don haka ka leƙa ƙasa ka ga bushin ɗin difiransha ko ya fashe yana zubar da baƙin ruwa, ka duba tayoyin baya, ka ji kuloci ko yana zamewa a giya ta biyar, ka duba layin bodi da fenti ko fanel bita ya taɓa miƙe ta. Ka ce kar su tayar da ita kafin ka iso, kai za ka fara tayarwa da sanyi ka ga hayaƙi ka ji ƙarar sarka. Ka sa lambar VIN, wato lambar shaidar da ke jikin bodin motar, a intanet, da yawa daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya na Amurka aka kwaso su, kuma wadda ruwa ya taɓa cinyewa rewaya zai zama abokinka na dole. Takardun kwastam su zama cikakku, shekarunta sun wuce waɗanda doka ta yarda a shigo da su yanzu, saboda haka wadda ke cikin ƙasa da takarda mai kyau ita ce abin nema. In kuma ka ga an rubuta Fairlady Z a bayanta ka bincika sosai, sunanta kenan a Japan inda sitiyari ke dama, wataƙila juya shi aka yi, ni ba na son mota mai juyayyen sitiyari.

In kuma duk da haka zuciyarka na kan RX-8, don na san yadda abin yake in mota ta shiga ran mutum, toh kar ka biya ko sisi sai ka yi mata gwaji ɗaya. Ka tuƙa ta minti ashirin ta yi zafi sosai, ka kashe, ka jira minti biyu zuwa biyar, ka sake tayarwa. In ta kama nan take da sauran rai a injin, in ta tsaya tana ja tana ja kafin ta kama, kwamfureshan ya tafi, komai kyan fentinta ka ba shi makullinsa. Ma'aunin kwamfureshan na gareji ba ya faɗin gaskiya a kanta, nata na musamman ne mai ba da lamba uku ga kowane rota, shida kenan, in mai motar ba shi da wannan sakamakon ka yi cinikinta a matsayin wadda za a sake wa inji, kuma ka tabbatar kuɗin injin na ajiye a gefe kafin ka kawo ta gida. In ka je ganin Nissan ɗin ka ɗauko min hoton cikin bonet da na ƙasanta ta baya da lambar da ke jikin giyabos, sai mu duba tare.